Malam Aminu Kano: Saurayin da ya tuhumi dattawa, dattijon da samari suka tuhuma

Da wuya a yi zaman hira a rumfar kasuwa ko a barandar ofis, a Daura ko Katsina ko Kano, a tashi ba a taɓo rigimar manya da yara ba. Dattawa suna kukan cewa yaran zamani ba su da haƙuri, ba sa jin magana, suna son su girbe abin da ba su shuka ba. Samari kuma suna mayar da martani da cewa manya sun ci rabonsu, sun haɗa da na 'ya'yansu, sannan sun ƙi tashi daga kan kujera. Wanda duk yake zaton wannan ƙorafi sabo ne, tarihin Malam Aminu Kano ya ishe shi amsa, domin shi mutum ne da ya tsaya a ɓangarorin biyu na wannan shari'a. Ya fara rayuwar siyasa yana saurayin da ya ɗaga wa dattawan Arewa yatsa, ya ƙare ta yana dattijon da almajiransa suka ɗaga wa yatsa.

Gidan malamai da alƙalai

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ɗan zuriyar Gyanawa ne, Fulanin da suka shahara da ilmin fiƙihu da alƙalanci, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙalin Kano. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ita ma mai ilmi ce, ta rasu yana ƙaramin yaro. Ke nan Aminu bai fito daga gidan da ke gefen mulki ba. A tsakiyar tsarin da zai yaƙa daga baya ya buɗe ido, ya ga yadda ake yanke hukunci, ya ga yadda ake naɗi da tuɓewa, ya kuma karanta littattafan da ake kafa hujja da su. Wannan ne ya sa lokacin da ya soma suka, ba a iya kore shi da cewa jahili ne ba.

Bayan karatun allo, ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci, sannan Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, yau kuma ake kiranta Barewa a Zariya. Tun yana ɗalibi ya soma rubuta wasannin kwaikwayo masu zolayar masu mulki da macuta a kasuwa. Ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

Abin da samarin suka gani

Kafin a fahimci fushin Aminu da tsararrakinsa, sai an san yadda En'e take a wancan zamani. A ƙarƙashin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, hukumar gargajiya ce ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ita ke da 'yan doka, ita ke da kotunan alƙalai, ita ke da gidan yari, ita ce kuma mafi girman mai ba da aikin albashi a lardi. Wanda ya saɓa da hakimi, to gaban alƙalin da sarki ya naɗa za a kai shi, ɗan dokan En'e ne zai raka shi, kurkukun En'e ne zai karɓe shi. Saurayin da ya gama Midil ko kwaleji, ya iya lissafi da Turanci, yakan sami kansa yana rubuta wa mutumin da ya gaji muƙami takardu, ba tare da fatan wata rana zai hau wannan matsayi da guminsa ba.

Ga kuma tsawon zamanin masu mulki. A Daura, Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarauta a 1911, shekara tara kafin a haifi Aminu, bai bar shi ba sai da ya rasu a 1966. A Kano, Sarki Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A idon dattawa, wannan doguwar sarauta alama ce ta albarka da kwanciyar hankali. A idon samarin da suka yi boko, alama ce ta duniyar da ba ta motsi.

A Bauchi Aminu ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a kansa ta hanyoyi mabambanta. Na farko shi ne Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi mai kaifin harshe, wanda ya nuna masa cewa ana iya sukar zalunci da hujjojin addini da na tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na biyu shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma yake son gyara, amma yake ganin sai an bi a sannu. Sun zauna tare a zauren tattaunawa da aka kafa a garin, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da jami'an Turawa suke musayar ra'ayi. Tambayoyin da Aminu da Sa'adu suka riƙa jefawa game da albashin sarakuna da amfanin mulki ta hannunsu sun yi zafi, har hukuma ta ga cewa zauren ya wuce gona da iri, aka kawo ƙarshensa.

A 1946 ya sami gurbin karatu na shekara ɗaya a Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan. A can ya cuɗanya da 'yan siyasar Ingila masu adawa da mulkin mallaka, a daidai lokacin da Indiya ke dab da samun 'yancin kanta, kuma salon Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba ya shiga ransa. Da ya dawo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Ba da jimawa ba aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, inda ya zauna da wani matashin malamin Larabci, Abubakar Gumi. A nan ma ba su rabu da saɓani da manyan gari ba.

Tutar Sawaba

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Maitama Sule. Aminu yana ma'aikacin gwamnati a lokacin, don haka sunansa bai fito a jerin ba, amma kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi siyasa gaba ɗaya, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Da farko 'yan NEPU suna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, sai dai zaman bai ɗore ba. Aka raba gari, NPC ta zama jam'iyyar da sarakuna da manyan ma'aikatan En'e suka jingina da ita, NEPU kuma ta zama mafakar ƙananan 'yan kasuwa da teloli da mahauta da malaman zaure da 'yan ƙwadago. A sanarwar Sawaba ta 1952, jam'iyyar ta bayyana ƙarara cewa al'ummar Arewa ta kasu gida biyu, masu sarauta da talakawa, kuma muradunsu ba ɗaya ba ne.

Zaɓen 1951 ya koya wa samarin darasi mai ɗaci. An shirya shi hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, sannan aka ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko, musamman a Kano, amma ko mutum ɗaya nata bai kai ga Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. Daga nan samarin suka ƙara tabbatar wa kansu cewa manya sun tsara wasan yadda su kaɗai za su ci.

Rigimar ba ta tsaya a rumfar zaɓe ba, ta shiga zaure da tsakar gida. 'Yan NEPU da yawa sun daina faɗuwa gaisuwa a gaban hakimai, sun daina tuɓe takalmi daga nesa, suna kafa hujja da cewa ɗan Adam ba ya rusuna wa kowa sai Mahaliccinsa. Dattawa suka ɗauki wannan a matsayin fitsara da rashin tarbiyya. An sami gidajen da uba ya juya wa ɗansa baya saboda katin jam'iyya. An yi wa mutane bulala, an ɗaure su bisa tuhumar zagin sarki ko yin lacca ba da izini ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar tana matashiya, ta sha ɗauri sau da dama. A Kano aka sami gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata suna far wa 'yan NEPU, ita kuma jam'iyyar ta kafa Rundunar Samarin Sawaba. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa, wadda ta haramta wa duk wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, kuma da aka ƙalubalanci dokar a babbar kotu a 1960, kotun ta tabbatar da ita.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da sarakunan da ke bayansu suna ganin Arewa tana baya ƙwarai a ilmin boko, kuma idan ta rabu gida biyu a daidai lokacin da Turawa ke shirin tafiya, to ma'aikatu da muƙaman ƙasa za su suɓuce mata. Suna ganin sarauta ce igiyar da ta ɗaure al'umma, wanda ya tsinka ta kafin a saƙa wata zai jawo rikici. Ƙawancen da NEPU ta ƙulla da NCNC ta Dokta Azikiwe ya ƙara musu hujjar cewa samarin sun haɗa kai da bare. Shi kansa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman gyara tsarin En'e a majalisa a watan Agustan 1950, watan da aka kafa NEPU. Saɓanin ya fi karkata ga sauri da zurfin gyaran, da kuma wanda zai riƙe wuƙa da nama yayin da ake yinsa.

Wani abin lura shi ne tazarar shekaru tsakanin ɓangarorin ba ta kai yadda ake zato ba. Ɓalewa ya girmi Aminu da shekara takwas kacal, Sardauna da kusan goma. Maitama Sule, ɗaya daga cikin takwas ɗin farko, ya koma NPC, ya kuma kayar da Aminu a zaɓen tarayya na 1954. A Daura, Muhammadu Bashar, jikan Sarki Abdurrahman, wanda Aminu ya girma, ya bi hanyar NPC har ya zama minista a gwamnatin Sardauna kafin ya gaji sarautar a 1966. Sau da yawa abin da ake kira faɗan manya da yara faɗa ne tsakanin waɗanda aka buɗe wa ƙofa da waɗanda aka bari a waje.

Daga adawa zuwa gwamnati

A 1959 Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Da yake NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ya sami kansa mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas, alhali magoya bayansa suna shan wuya a hannun wannan jam'iyya a gida. Wasu daga cikin 'yan NEPU sun yi gunaguni tun a lokacin. Ya rasa kujerar a zaɓen 1964. Bayan juyin mulkin 1966 da ɓarkewar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, daga baya ya koma ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974.

A waɗannan shekaru ne yawancin abin da NEPU ta nema ya tabbata, ko da yake ta hannun soja ya zo. An raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967. An karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, kuma a shekarar ce matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, abin da Aminu ya daɗe yana kira a kai ana yi masa dariya.

Santsi da Taɓo

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Aminu ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, amma bai daɗe ba ya fice, ya jagoranci kafa PRP mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, kuma jam'iyyarsa ta ci gwamnoni biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, jihar da a lokacin ta ƙunshi Katsina da Daura. Rimi yana da shekara 39, Balarabe yana da 43. Da hawansu suka soke haraji da jangali. Manomin ƙasar Daura da makiyayin da ke kiwo a dazukanta sun wayi gari babu mai bin su da rasit, bayan kusan shekara talatin da NEPU ta soma wannan kira.

Daga nan ne tarihi ya juyo wa Malam da fuskar da ya saba nuna wa wasu. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, tare da na UPN da GNPP, da nufin haɗa ƙarfi a kan gwamnatin Shehu Shagari. Shugabannin PRP suka umarce su da su daina halarta, suka ƙi. A 1980 aka kore su daga jam'iyyar, ita kuma ta tsage biyu. Ɓangaren Malam, wanda hukumar zaɓe ta amince da shi, aka laƙaba masa Taɓo. Ɓangaren gwamnonin, wanda ya ɗora tsohon ɗan gwagwarmayar ƙwadago Michael Imoudu a kan shugabanci, aka kira shi Santsi. Sunayen kansu zargi ne: waɗancan sun kafe a laka ba sa gaba, waɗannan kuma ƙafarsu ta zame daga turba.

'Yan Santsi, waɗanda suka haɗa da matasan malaman jami'a irin su Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Bala Muhammad, suna zargin cewa Malam ya tsufa, ya yi sanyi, na kewaye da shi suna jan sa zuwa ga sulhu da NPN, wato magadan mutanen da ya yi rayuwarsa yana yaƙa. 'Yan Taɓo kuma suna cewa yaran da Malam ya ɗauko ya ɗora a kan kujera sun sami mulki da kuɗin gwamnati sun manta da wanda ya yi musu riga, ba su ɗanɗani kurkukun En'e ba amma suna koya wa waɗanda suka ɗanɗana ma'anar gwagwarmaya. Kalmomin rashin kunya da gaggawa da aka jefi Aminu da su a 1950, su ne magoya bayansa suka jefi Rimi da su a 1980.

Sakamakon ya yi muni ga kowa. Majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, ya zama gwamnan farko da aka tsige a tarihin Najeriya. A Kano, takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero ta haddasa tarzomar 10 ga Yuli, 1981, inda aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A 1983 Rimi ya koma NPP ya ajiye muƙaminsa.

Malam bai ga ƙarshen wasan ba. Yana shirin sake tsayawa takarar shugaban ƙasa, har ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa da ke Gwammaja, yana da shekara 62. Bayan 'yan watanni Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo ya kayar da Rimi a zaɓen gwamna. Ranar 31 ga Disamba na shekarar soja suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya, suka ɗora Manjo Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, wanda aka haifa a 1942, shekarar da Aminu ya fara koyarwa a Bauchi. Kotunan soja suka ɗaure Rimi, suka ɗaure Bakin Zuwo. Santsi da Taɓo suka haɗu a gidan yari.

Abin da ya bari

Malam Aminu bai tara dukiya ba, duk da shekaru bakwai da ya yi yana riƙe da ma'aikatun tarayya. Gidansa na Mumbayya yau cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa. Ya bar rubuce-rubuce, ciki har da littafin tafiyarsa mai suna Motsi Ya Fi Zama. Jam'iyyun da ba su jituwa da juna a Kano da maƙwabtanta har yau kowace tana da'awar ita ce magajiyarsa.

Rayuwarsa tana da abin faɗa wa ɓangarorin biyu na hirar da ake yi a yau. Dattijon da ke kukan rashin kunyar yaran zamani ya tuna cewa 'yancin da yake da shi na tsayawa gaban hukuma ya yi magana ba a kai shi gaban alƙalin hakimi ba, da ƙuri'ar da matarsa da 'yarsa suke jefawa, samarin da aka kira marasa kunya ne suka sha bulala a kansu. Saurayin da ke ganin duk wanda ya yi furfura maci amana ne, ya duba yadda tsagewar PRP ta ƙare: jam'iyyar da ta ci jihohi biyu a 1979 ta rasa gwamna ɗaya ta hanyar tsigewa, ɗayan ya bar ta, kuma ba ta sake komawa ƙarfinta na farko ba.

Akwai kuma abin da labarin ya nuna game da shugabanci. Malam ya ƙware wajen tarbiyyar matasa da cusa musu ƙarfin halin tambaya, amma jam'iyyarsa ba ta gina hanyar da za a warware saɓani tsakanin uba da 'ya'yansa na siyasa ba tare da kora da tsagewa ba. Haka matsalar take a shagon da uba ya ƙi sakar wa ɗansa littafin ciniki har ya tsufa, da ofishin da ake ajiye ƙaramin ma'aikaci shekara da shekaru ba a ba shi amanar komai ba, sannan ranar da ya karɓa a yi mamakin ya yi watsi da duk abin da ya tarar. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sun kuma ce yaro ma da ranarsa. Malam Aminu ya rayu ya ɗanɗani gaskiyar maganganun biyu, ɗaya a ƙuruciya, ɗaya a tsufa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.